Zanen da Ke Fuskar Saude

Na Safiyatu 'Yar Tsamaye

Shafi na 23

Masu cewa na bar su tsaye da jaririya a hannu tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa robar wanki, sai da ta kwana cikin buhun shinkafa ta farfaɗo. Wannan shafin na mutanen garin Isa ne da suka cika mani waya da saƙo. Ku gyara zama, yau akwai magana.

*

Saudatu ba ta san lokacin da ta fito daga ɗakin jego ba.

Ita dai ta leƙo ta ga Atiku wanzami ya gama aske kan jaririyarta, ya goge askar a cinyarsa, ya mayar, ya zaro wata 'yar ƙarama daga zabira. Sai kawai ta ga kanta a tsakar gida ta fizge ɗiyar daga cinyar uwar mijinta, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, zane na neman kwance mata.



Matan da suka zo suna ba su da yawa. Damina ta uku ke nan ruwa na yi wa Tsamaye rowa, gero ya bushe tun yana gwiwa, rabin mazan gari sun tafi cin rani ba su dawo ba. Ɗan akuyan da aka yanka wa jaririyar, Kadijatu, da safen nan ko tukunya ɗaya bai cika ba. Amma waɗanda suka zo ɗin, kowa ta saki abin da ke hannunta.

Saude, uwar mijin, ta dubi cinyarta da babu kowa, sannan ta ɗago kai.

"Maido ta."

"Inna, an yi mata aski. Ya isa."

"Ban tambaye ki ba. Maido ta, wanzami na jira."

"Mi za a yi mata kuma?"

Atiku ya gyara murya, yana murza askar tsakanin yatsu.

"Mai jego, abin da anka saba ne. A cire belu, a duba ƙasa a cire angurya, sannan a yi mata zanen gidansu. Kahin kunu ya huce na gama."

"Haka ka ce ma Fatu."

Duk ido ya koma kan Fatu, maƙwabciyarsu, da ke zaune gindin turmi. Ta sunkuyar da kai. Watan jiya aka yi sunan ɗiyarta, washegari aka binne ta.

Atiku ya ce, "Wannan kwana ne ya ƙare."

"Na sani, kwana na Allah ne. Amma ni na wanke tsummokaran. Jini tun hantsi har la'asar bai tsaya ba. Uwa ba ta ci ta ƙoshi ba, ɗiya ba ta sha ta ƙoshi ba, ina jinin da za a zubar? Ku dube ta hwa. Hannunta kamar tsinke."

Ƙafarta ba ta motsa daga bakin ƙofa ba.

Saude ta dubi jaririyar. Sai ta ce, "To. A bar belu da angurya sai ta yi ƙwari."

"Ko ta yi ƙwari, ba mai taɓa ta ƙasa."

"Wannan mu yi ta daga baya. Amma zane, yau za a yi shi. Yanzu."

Ta miƙe tsaye. Doguwar mace ce Saude, yunwar bana ta rage mata jiki amma ba ta taɓa muryarta ba. Ta kai yatsa ta bi zanen da ya taso daga gefen bakinta har kusa da kunne, shida a wannan kunci, bakwai a wancan.

"Dubi huskata. Daga nan har Maraɗi, duk kasuwar da na shiga ba a tambayata ke 'yar wa ce. Bagobira. Ɗana Kalilu na da shi, ƙannensa na da shi, waɗanda sunka rasu da shi anka binne su. Sai jikata ce za ta tashi huska wayam kamar ƙwarya?"

"In ta girma ta ce tana so, ni za ni rako ta wurin wanzami."

Wata tsohuwa ta yi dariya daga bayan rumbu. "Ku ji mani. A tambayi ɗiya."

"I, a tambaye ta. Huskarta ce."

Saude ta matso har suna jin numfashin juna.

"Ke ce mai wagga magana? Ke? Taɓa bakinki."

Saudatu ba ta taɓa ba. Kowa a gidan ya san abin da ake nufi. Leɓenta na ƙasa baƙi ne wuluk har zuwa haɓa, irin na matan ruga, wanda ake sossokewa da ƙaya a cusa baƙin toka.

"Ku Hulani kun huda bakinku kamar rariya, ku ce ado. Mu mun yi namu, ki ce zalunci. An tambaye ki ranar da anka yi maki?"

Jama'a, nan fa kowa ya zaci Saudatu ta ƙare.

Ta waiga gefen katanga inda uwarta, Inno, ke zaune tun safe da 'yar ƙwaryar nonon da ta kawo. Inno ba ta ce uffan ba tun da rigimar ta fara. Bafulatana ba ta shiga maganar ɗiyarta a gidan surukai. Idonta na ƙasa, tana tsinke bakin faifai.

Saudatu ta juyo.

"Ba a tambaye ni ba, Inna."

"To kin gani."

"Ina budurwa anka yi mani. Ƙawayena sunka danne ni suna waƙa, anka ce in na yi kuka na ba gidanmu kunya. Ban yi kuka ba. Bakina ya kumbura har ba ni ganin ƙirjina, sai da kara nike zuƙar nono. Da ya warke anka ce na yi kyau, ni ma na ce na yi kyau. Amma har yau in na ga ƙayar aduwa sai jikina ya yi sanyi. Don na sani ne nike hwaɗi. Ba za ni bari a yi mata naku ba, kuma wallahi ba za ni bari a yi mata namu ba."

Hannun Inno ya tsaya a kan faifai.

Sai ga wata murya daga wajen murhu.

"Mu kam ba mu yanka."

Assalama ce, Buzuwar da fari ya koro daga arewa, raƙumansu duk sun mutu a hanya. Tana yi wa gidan surfe ana ba ta abin da ya samu. Hausarta a karye take, amma ana ganewa.

"Mu ba aska, ba ƙaya. Nono. Ina ƙarama, kakata ta kwantar da ni, ta ɗura mani nono, ta ɗura, ta ɗura. In na yi amai, ta matse yatsun ƙahwata da icce, ta sake ɗurawa. Wai mace sai da jiki. Har na kai ba ni iya hawa raƙumi sai mutum biyu sun ɗaga ni."

Ta ɗaga hannunta, fatar damtsen ta yi reto kamar tsohuwar jaka.

"Ga shi. Hwari ya karɓe abinsa duka, ya bar mani buhun."

Wasu suka fashe da dariya, har da Fatu, ta yi saurin rufe baki da gefen zane. Saude ba ta yi ba.

"Ke, koma kan surhenki. A kira mani Kalilu."

Ba sai an kira shi ba. Hayaniyar ta kai zaure tuni. Kalilu ya shigo da sallama, hularsa a hannu, yana kallon ƙasa saboda surukarsa Inno na wurin.

"Inna, lahiya?"

"Matarka ta hana a yi ma ɗiyarka zane. Ka ce ta miƙo ta."

Ya dubi Saudatu. Ya dubi ɗan kan jaririyar da ke sheƙi da sabon aski.

"Inna, da an bari ko zuwa kaka. In Allah Ya kawo ruwa, ta yi ɗan jiki..."

"Kaka? Wace kaka? Ka zaci ban da kunne? Surukinka Jibrilla na shirin kora sauran shanunsa kudu, rugarsu duka za ta tashi. Gobe yunwa ta matsa, matarka ta goya ɗiyar nan ta bi su. Shekara biyu, uku. Ka bi sawu ka iske yarinya cikin yaran ruga tana yaren da ba ka ji. Da mi za ka ce taka ce? Wa zai yarda? Hwari watsa mutane yake yi, Kalilu. Ɗiyar da ba ta da zane ɓata take yi."

Saudatu ta yi wani ɗan murmushi wanda ba na daɗi ba.

"Ashe ba ado ba ne."

"Mi kika ce?"

"Shaida ce. Irin wadda Baffana ke yanka ma kunnen maraƙi don kada ya shiga garken wani."

Kai! Matan gidan suka ɗauki salati. Kalilu ya ce, "Saudatu, ki iya bakinki." Amma magana ta riga ta fita.

Saude ta buga ƙirji.

"Ni kike ce ma saniya? Duk wanga kwarmato kan 'yar tsaga? Ni ina tune da ranar da anka yi mani nawa sarai. Ƙarƙashin rumhwa, mata biyu sunka riƙe ni, guda ta danne ƙahwahu, guda ta kama kai. Na ciji hannun mai kama kan har ya yi jini. Na mutu? Ga ni tsaye, na haihi tara."

"Kin ciji hannunta."

Inno ce. Karon farko ke nan da aka ji muryarta tun safe. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

Saude ta juya. "Ƙwarai kuwa."

"Da wane haƙori?"

"Mi?"

"Na ce da wane haƙori, Saude? Gobirawa ranar suna kuke zane. Ɗiyar kwana bakwai na da haƙori? Tana tuna rumhwa?"

Babu wanda ya yi motsi. Ko kazar da ke tono bakin rumbu kamar ta tsaya.

Saude ta kau da kai.

"Ciwo na yi ina jaririya, anka jinkirta."

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Babana. Baba Amiru na Kurawa, Allah Ya jiƙansa."

"Amin." Inno ta ajiye faifai, ta miƙe a hankali. "Wanzami, don Allah dubi huskarta. Kai ka san aikinku."

Atiku ya fara tura askar cikin zabira. "Ni aski anka kira ni."

"Ba za ni sa ka hwaɗi abin da ba ka gani ba. Dubi kawai. Shekara nawa gare ta sa'ad da anka yi wannan?"

Ya ɗago ido da ƙyar, ya dubi Saude, ya dubi Kalilu.

"Zanen jariri girma yake yi da huska. Yana buɗewa, ya yi hwaɗi, ya kwanta kamar na Kalilu. Wannan..." Ya nuna kuncin Saude. "Wannan ya tsuke, ya yi tudu. Kuma na hagun nan biyu sun karkace. Mai shi ta yi kokawa. Ba ta gaza shekara huɗu ba."

"Na ce ciwo na yi," in ji Saude. Muryar ta sauka.

Inno ta ce, "To ture kallabinki."

Hannun Saude ya tafi kan kunnenta da sauri, kamar an watsa mata ruwan zafi.

Nan ne matan gidan suka fara kallon juna. Shekara da shekaru suna tare, biki da mutuwa, babu wadda za ta ce ta taɓa ganin saman kunnen Saude. Kullum kallabinta a ja yake har ƙasa.

"Ina ruwanki da kunnena?"

"Huda ce jere tun daga sama har ƙasa, kowane kunne. Ban taɓa gani ba tun da munka zama surukai, amma na sani. Na sani don gabana anka yi ta. Rana ɗaya anka huda mu, ni da ke, kakarmu guda ta yi muna. Ke kika hi ni kuka."

Kalilu ya ce, "Inno, mi kike hwaɗi haka?"

Inno ba ta dube shi ba.

"Kahin wagga yunwa an yi wata, muna yara. Shanu sunka zube kamar bana. Rugarmu na bayan Kurawa. Ƙanwar babana, Goggo Dije, mijinta ya rasu, ya bar ta da goyo da yarinya guda mai tahiya. Anka ce za a yi kudu. Yarinyar ba ta iya tahiyar, goyo biyu kuwa ba su yiwuwa. Akwai gidan da take kai nono kullum, gidan Amiru, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Sunka ce ta bar yarinyar su ci da ita, in ta dawo ta ɗauki abarta. Amana."

"Ƙarya ne," in ji Saude.

"Damina biyu munka yi. Goyon ya rasu can. Ranar da munka dawo ko kaya ba ta sauke ba, ta ja hannuna munka tahi Kurawa. Munka iske ki ƙohwar gida kina wasan ƙasa, huska ta sha zane."

"Ƙarya kike yi. Kin zo ki raba ni da jikata ne."

"Goggo ta kira ki, kika ruga cikin gida. Kin manta yarenmu. Amiru ya hito ya ce wace ɗiya? Ga ɗiyarsa nan, kowa ya dubi huskarta. Anka tahi gaban mai gari. Bai tambayi kowa komi ba, Saude. Ya sa anka ɗaga haɓarki, ya duba nan, ya duba nan, ya ce Bahillata ba ta haihuwar mai zanen Gobir. Shi ke nan shari'ar."

Fatu ta fara kuka a hankali gindin turmi.

"Kin ce ɗiyar da ba ta da zane ɓata take yi. Ke da zane anka ɓatar da ke. Sunanki Pendo."

Saude ta ja baya, ta ja baya, har bayanta ya bugi rumbu. Ta zame ta zauna a ƙasa. Kallabin ya goce da kansa, ba ta gyara ba.

Ga su nan kuwa. Ƙananan huda a jere, sun bi gefen kunnen tun daga sama, wasu sun toshe, wasu ana hango haske ta cikinsu.

Assalama ta ce, "Allahu akbar," ta ajiye taɓarya.

Saudatu ta juya ga uwarta. "Inno, kin san wannan tun yaushe?"

"Tun kahin a haihe ki. Duk tsohon da ke rugarmu ya sani." Sai yanzu ta dubi Kalilu. "Kai ba ka taɓa mamaki ba? Samarin ruga nawa sunka nemi Saudatu da shanu, Jibrilla ya hana, ya ba manomi mai gona guda? Da ka zo gaisuwa ta hwarko ya tambaye ka sunan uwarka da garinsu. Kana hita ya ce mani, jininmu ne ya biyo hanya ya dawo, ba za ni kore shi ba."

Kalilu ya kai hannu ya shafa nasa kuncin, kamar yau ya fara jin zanen a wurin.

"Don mi ba ku hwaɗa ba?"

"A hwaɗa a ce mi? Mace da gidanta da 'ya'yanta da darajarta. Da za ni mutu da shi. Amma ba za ni zauna ina kallo a yi ma wagga abin da anka yi ma waccan ba, kuma da hujja guda."

Saude na zaune, idonta a buɗe, ba hawaye. Leɓenta na motsi.

"Akwai wata saniya," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ja, mai karyayyen ƙaho. Ina ganinta cikin barci tun ina yarinya. Na tambayi Baba Amiru, ya ce ba mu taɓa kiwon shanu ba."

"Wule sunanta," in ji Inno. "Ta uwarki ce. Nononta kike sha."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ba mai ƙara ba, irin wanda ke girgiza kafaɗa. Babu wadda ta iya matsawa kusa. Matar da ko a mutuwar mijinta ba a ga hawayenta ba.

Da ta ɗan lafa, ta miƙa hannu biyu wajen Saudatu.

"Ba ni ita."

Saudatu ta ƙara ƙanƙame ɗiyar. Ta dubi wanzami, zabirarsa na nan buɗe. Ta dubi mijinta. Ta dubi Inno. Inno ta ɗan gyaɗa kai.

Ta tako, ta durƙusa, ta sa Kadijatu a hannun kakarta. Amma ba ta saki gefen zanen goyon ba.

Saude ta daɗe tana kallon 'yar fuskar. Ta sa babban yatsa ta shafa kuncin dama, ta shafa na hagu. Jaririyar ta juyo da baki tana neman nono.

"Atiku."

"Na'am, Inna Saude."

"Ruhe zabirarka."

"Belun hwa?"

"Na ce ka ruhe. Duka. Kalilu zai kai maka rabonka na nama har gida."

Atiku ya naɗe zabira, ya saɓa a kafaɗa, ya yi sallama a gajarce. Saudatu ta saki gefen zanen, ta zauna daɓas a ƙasa kusa da uwar mijinta.

Saude ba ta ɗago ba, ta ce, "Ita hwa?"

"Wa?"

"Matar. Dije." Ta sake gwadawa. "Uwata. Yaushe ta rasu?"

Inno ta dube ta.

"Ba ta rasu ba."

Kan Saude ya ɗago da sauri.

"Tana ina?"

"Kin san ta."

"Ni? Ina na san ta?"

"Mai gari ya sa ta rantse ba za ta ƙara kiranki ɗiya ba, ba za ta taka gidan da kike ba. Ta riƙe rantsuwarta. Amma tun da anka kawo ki Tsamaye, duk sunan da anka yi gidan nan tana zuwa. Na ɗanki na hwari, na Kalilu, duka. Ba ta shigowa. Gindin aduwar ƙohwar gida take zama cikin masu jiran sadaka. Ta ce in ta ga kin hito kina ba da umarni, kin yi ƙiba, kin sa zane mai kyau, ya ishe ta har wata haihuwar."

Matan suka fara raɗa. Kowa ta gane wadda ake nufi. 'Yar tsohuwar nan siririya mai sanda, mai ido ɗaya, wadda ba ta roƙo, ba ta magana, in an ba ta ta karɓa, in ba a ba ta ba ta tashi.

Fuskar Saude ta canza.

"Yau ta zo?"

"Tare munka zo. Na baro ta gindin aduwa."

"Inna lillahi." Ta miƙa wa Saudatu jaririyar. "Da sahe na hita zubar da ruwa, na gan ta. Na ce mata bana babu, ko mu ba mu ƙoshi ba. Na ce ta tashi ta nemi wani gida."

Inno ta dafe kai.

"Saude, yau ruga ke tashi. Da azahar za a kora shanu. Bankwana ta zo yi."

Saude ba ta tsaya jin sauran ba.

Ba takalmi, ba kallabi, ta ratsa zaure a guje. Mazan da ke zaune kan tabarmi suna jiran ɗan abin da za a fito da shi suka miƙe a firgice, liman har carbinsa ya faɗi. Kalilu na biye da ita yana kira, ba ta ji.

Gindin aduwa babu kowa. Sai gurbin zama a kan rairayi da sawun sanda.

"Tsohuwar da ke nan, ina ta yi?"

Wani dattijo ya nuna gabas da haɓa. "Ta daɗe da tashi. Wajen gulbi ta nuhwa."

Ta kwasa da gudu. Ta wuce masallaci, ta wuce rijiyar da ta ƙafe, ta ratsa gonakin da karan gero ke tsaye a bushe tun bara. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, ba ta ji. Mata na leƙowa ta kan darni suna tambayar ko wuta ce ta tashi.

Gulbin babu ruwa ko na wanke hannu, yashi ne fari fat har ƙetare. Can a tsallake ana hango shanu ramammu an fara tattara su, jakuna da kaya a baya.

A tsakiyar yashin kuwa ga ta nan. 'Yar ƙarama, a duƙe, tana dogara sanda tana jan ƙafa.

Saude ta gangara, ta faɗi, ta tashi. Numfashi ya ƙare mata. Ta tsaya, ta tattara abin da ya rage a ƙirjinta.

"Inna!"

Sandar ta tsaya.

Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta daɗe a haka, bayanta ga Saude. Sannan ta yi magana da wata siririyar murya, da Hausar da ba ta zauna mata a baki ba.

"Wace ce ke kirana?"

Saude ta buɗe baki, ta rasa wane suna za ta faɗa.